Gandun Dajin Owabi

Owabi gandun daji ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 13 a arewa maso yammacin Kumasi, a yankin Ashanti na ƙasar Gana, tafiyar kimanin kilomita 23 daga tsakiyar birni. A tsakiyarsa akwai tafkin da aka samar ta hanyar datse kogin Owabi, wanda ke zuba cikin kogin Offin.

Tarihi

Ba don namun daji aka fara killace wurin ba, don ruwan sha ne. A wajajen 1928, zamanin mulkin Turawan Ingila, aka gina madatsar, aka kuma hana sara da noma a gangaren da ruwansa ke kwarara cikin tafkin. Dalilin a fili yake: saiwar itatuwa na riƙe ƙasa, ganyen da ya zube na rage ƙarfin ruwan sama. Da zarar an kwashe itatuwan, sai laka da yashi su gangara su cike tafkin, ruwan ya yi dauɗa, kuɗin tace shi ya ƙaru. An dasa itatuwan kasiya a wani sashe, sauran kuma kurmi ne da ya sake tofowa.

Shekaru kusan 40 Owabi ce babbar madogarar famfunan Kumasi. Sai a wajajen 1970 madatsar Barekese da ke kan Offin ta karɓi mafi yawan nauyin. A 1971 gwamnati ta ayyana dajin a matsayin mafakar namun daji, a 1988 kuma aka sa shi cikin jerin dausayin Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan kare dausayi. Shi kaɗai ne cikin wuraren Ramsar na Gana da ba a bakin teku yake ba.

Barazana

Dokar Gana ta haramta tsaga katakon sayarwa da zarton inji tun 1998, amma masu sara a ɓoye ba su daina ba. Abin da ya fi su ɓarna, watakila, shi ne faɗaɗar birnin kansa: gidaje, gonaki da masu ɗibar yashi sun ci gefen gandun, rafuffukan da suka ratso unguwanni kuma na kawo leda da shara. Akwai daɗaɗɗiyar taƙaddama kan diyyar filaye tsakanin hukuma da al'ummomin kewaye.

Sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji ke gadin dajin, kamfanin ruwa na ƙasa ke kula da madatsar.

Yawon buɗe ido

An ƙirga tsuntsaye kimanin iri 160. Akwai birai, mazo da gada. Baƙi kan zaga a ƙafa tare da ɗan rakiya, su huta a inuwar gora, ɗaliban makarantu ma kan zo.