Yadda ake lissafin ƙarfin jan ƙasa a kan doron kowace duniya

Ɗaliban lise a Tahoua sukan haddace 9,8 saboda jarrabawa, amma kaɗan ne ke tambayar asalin wannan adadi.

Me 9,8 ke nufi?

Idan aka saki dutse a bakin rijiya, saurinsa yana ƙaruwa da mita 9,8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, muddin iska ba ta tare shi ba. Dutsen da ya yi daƙiƙa 3 kafin ya taɓa ruwa ya faɗi kusan mita 44. Wannan ƙaruwar sauri ita ake kira g.

Yaya ake samo g?

Daga dokar da Newton ya wallafa a 1687: g = GM/R². M yawan jikin duniyar ne a kilo, R tazara ce daga tsakiyarta zuwa doronta a mita, G kuwa adadi ne da ba ya canzawa, 6,67 × 10⁻¹¹. Duniyarmu tana da kilo 5,97 × 10²⁴ da tazarar kilomita 6371, kuma da su ake samun 9,8. Nauyin abin da ke faɗuwa bai shiga lissafin ba, shi ya sa babban dutse da tsakuwa suke isa ƙasa tare.

A duniyar Mars fa?

Nan ne na fi son ɗalibi ya dakata ya yi tunani. Jikin Mars kusan kashi ɗaya ne cikin goma na namu, sai mutum ya zaci g ɗinta ma haka take, alhali 3,7 ce. Tazararta kilomita 3390 ce, rabin tamu da ɗan ɗoriya, kuma tun da ana ninka R da kanta kafin a raba, kusancin mutum da tsakiyar duniyar yana rama wani ɓangare na abin da ƙarancin jiki ya rage. Kuskuren da ya fi kayar da ɗalibai shi ne barin R a kilomita, wanda ke kumbura amsar sau miliyan.

A nan ma 9,8 ce daidai?

Kusan 9,78 ce, domin muna kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda ta ɗan kumbura kuma juyawarta ke rage jan. Mai son gwadawa ya ɗaura dutse a igiya mai mita 1, ya ƙirga lokacin lilo 20, ya raba da 20 ya sami T, wato lokacin lilo ɗaya, sannan ya yi amfani da g = 4π²L/T², inda L tsawon igiyar ne a mita. Lilo ɗaya, zuwa da dawowa, zai ɗauki kusan daƙiƙa 2.