Yadda ake gano sababbin albam na furog da saikadelik: tambayoyi da amsoshi

Mutane da yawa na ɗauka cewa kiɗan furogiresif rok, wanda masoyansa ke gajartawa su ce furog, da ɗan'uwansa saikadelik rok, sun shuɗe tare da shekarun 1970. Alhali kuwa da wuya mako ya wuce ba a fitar da sababbin albam a waɗannan rassa biyu ba, har yawansu ya kai inda mai sauraro kan rasa ta inda zai fara. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da neman nagartattu a cikinsu da kuma gabatar da su ga wani.

Mene ne ya bambanta furog da saikadelik?

Saikadelik ne yaya. Ya taso a tsakiyar shekarun 1960, musamman a San Francisco da Landan, kuma ƙungiyar 13th Floor Elevators ta birnin Austin na jihar Texas tana cikin waɗanda suka fara ɗaukar wannan suna a albam ɗinta na 1966, kafin Pink Floyd ta fitar da The Piper at the Gates of Dawn a 1967. Alamominsa su ne jita mai gurnani da amsa kuwwa, da sautin kaset da aka juya baya, da aron kayan kiɗan Indiya irin su sitar, da maimaita zubi guda na kiɗa har sai mai sauraro ya daina lissafin lokaci.

Furog ya fito ne daga cikinsa, kuma yawancin masana sun fi ɗora mafarinsa a kan In the Court of the Crimson King, wanda King Crimson ta fitar a watan Oktoba na 1969. Makaɗan furog sun karɓi 'yancin da saikadelik ya buɗe musu, sai suka ɗora masa tsari mai tsanani: waƙa guda mai sassa da yawa, aro daga jaz da kiɗan kilasik na Turai, da ƙirgen bugu da ba a saba da shi ba. Yawancin waƙoƙin rok na tafiya ne da bugu huɗu-huɗu, amma waƙar Money ta Pink Floyd, alal misali, galibinta da bugu bakwai take tafiya. Iyakar da ke tsakanin rassan biyu ba ta da ƙarfi, kuma ƙungiyoyi da dama na yau suna da ƙafa a ko'ina.

Me ya sa ake ta maganar albam, maimakon waƙa guda?

Domin a wannan kiɗa albam ne cikakken aiki, waƙoƙin da ke ciki kuwa sassansa ne. Asalin haka yana komawa ga faifan garmaho mai dogon zango, wanda kowane gefensa ke ɗaukar kimanin minti 20, makaɗa kuma suka fara gina aikinsu bisa wannan awo. A 1972 kaɗai, ƙungiyar Yes ta cika gefe guda da waƙar Close to the Edge mai fiye da minti 18, Genesis ta saka Supper's Ready mai kusan minti 23 a cikin Foxtrot, Jethro Tull kuma ta shimfiɗa waƙa guda a gefe biyu na Thick as a Brick.

Ya kamata a dubi ta Yes ɗin da kyau. Tana buɗewa da kukan tsuntsaye da motsin ruwa, sai kwatsam jita da bas da ganguna su ɓarke a guje kamar kowa na cin gashin kansa, kuma a ɗauki mintuna ana haka kafin a ji baiti na farko. Wanda ya kashe ta a nan zai rantse cewa hayaniya ce kawai. Amma can gaba komai zai lafa, muryoyi su yi ta amsa wa juna a hankali, daga nan ogan ɗin majami'a ya shigo da nauyinsa, a ƙarshe kuma zubin da aka fara da shi ya dawo a warware. Hayaniyar farko ba ta samun ma'ana sai an kai ga wannan warwara.

Al'adar ba ta mutu ba. Ƙungiyar King Gizzard & the Lizard Wizard ta birnin Melbourne ta tsara Nonagon Infinity na 2016 ta yadda waƙoƙinsa tara ke shiga cikin juna, ta ƙarshe kuma ta sake faɗawa cikin ta farko ba tare da tsayawa ba. The Overview, wanda mawaƙin Ingila Steven Wilson ya fitar a 2025, dogayen waƙoƙi biyu ne kacal. Duk hanyar nema ko ta gabatarwa da ba ta mutunta wannan ba, za ta ɓatar da mai ita.

Ba manhajojin sauraro ke yi wa mutum wannan aikin yanzu ba?

Suna da amfani wajen sanar da mutum cewa ƙungiyar da yake bi ta fitar da sabon aiki, amma wajen gano abin da bai sani ba, ƙarfinsu kaɗan ne, kuma dalilin a fili yake. A Spotify ana ƙirga sauraro guda ne da zarar an yi daƙiƙa 30, don haka waƙar minti 20 da ta minti biyu duk ɗaya suke a lissafi, kuma tun daga 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin wata 12 ba, ba ta kawo wa mai ita komai. Tsari irin wannan yana fifita gajerun waƙoƙi masu kama kunne nan take. Bugu da ƙari, manhaja na zaɓo wa mutum abin da ya yi kama da wanda ya riga ya ji, tana kuma tsinko waƙa daga cikin albam ta jefa ta cikin jerin waƙoƙin wasu, inda take rasa abin da ya gabace ta da abin da ya biyo ta.

To, a ina ake nema?

Hanya mafi inganci ita ce bin sawun mutane, kuma na farko su ne ƙananan kamfanonin faifai, domin kowannensu kunnen wani ne da ya riga ya tace ɗaruruwan ayyuka kafin ya zuba kuɗinsa a kan guda. InsideOut na Jamus ya fi karkata ga furog mai kauri da ƙwarewar kiɗa, Kscope na Ingila ga mai taushi da jimami, Karisma na birnin Bergen ga ƙungiyoyin Norway, Cuneiform na Amurka ga masu gwaje-gwajen da ba kowa ke jurewa ba, Fuzz Club da Rocket Recordings kuma ga saikadelik. Idan albam biyu daga kamfani ɗaya suka yi wa mutum, ya cancanci ya duba sauran abin da kamfanin ya fitar a shekarar.

Hanya ta biyu, wadda a ganina ta fi kowace daɗi, ita ce karanta sunayen da ke bayan faifai. Wanda ya ji Blackwater Park na ƙungiyar Opeth, na 2001, zai ga sunan Steven Wilson cikin waɗanda suka tsara sautinsa. Wannan suna zai kai shi ga ƙungiyarsa ta Porcupine Tree, inda zai tarar da makaɗin ganga Gavin Harrison, wanda shi kuma zai kai shi ga The Pineapple Thief da King Crimson ta shekarun baya-bayan nan. Suna ɗaya ya buɗe ƙofa uku, kuma kowace ƙofa akwai dalilin da ya haɗa ta da ta farko.

Bayan waɗannan akwai Bandcamp, shafin intanet na sayar da kiɗa, inda galibi ake iya jin albam kafin a saya, kuma ake ganin abin da sauran masu saye suka tara. Akwai mujallar Prog ta Ingila da ke fitowa tun 2009, da gidan rediyon KEXP na Seattle da ke naɗar ƙungiyoyi suna kiɗa kai tsaye. Jerin sunayen waɗanda aka gayyata bukukuwa irin su Levitation na Austin da Roadburn na garin Tilburg a Holan ma makaranta ce, ko da mutum ba zai halarta ba, musamman sunayen da aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙasan takardar. Tun daga watan Yuli na 2015 ranar Juma'a ce ranar fitar da yawancin sababbin albam a duniya, don haka ita ce ranar dubawa.

Ta yaya ake bambance albam nagari da mai kwaikwayon na da?

Nan ne muhawara ta fi zafi tsakanin masoya. Akwai ƙungiyoyin da ke amfani da kayan kiɗan 1970 zalla, irin su ogan na Hammond da Moog da Mellotron, na'urar nan da kowane maɓallinta ke kunna guntun kaset mai ɗauke da sautin goge ko sarewa na kimanin daƙiƙa takwas. Wasu na ganin duk wanda ya yi haka ya ci amanar furog, tunda asalinsa neman sabon abu ne.

Ban yarda da wannan hukunci ɗungurungum ba. Wobbler ta Norway ba ta ɓoye cewa daga tsofaffin nan ta sha nono ba, amma From Silence to Somewhere na 2017 yana da tsarin waƙa da zai tsaya da ƙafarsa ko da an sauya masa kayan kiɗa. Abin dubawa shi ne ko tsawon waƙa ya biya kuɗinsa: shin sashe na uku yana buƙatar na farko, ko kuwa guntaye ne aka ɗinke don a cika minti 15? Shin canjin bugu ya motsa wani abu a cikin waƙar, ko nuna bajinta ne kawai? A saikadelik kuma, shin maimaicin yana ƙara zurfi a kowane zagaye, ko an ɓoye rashin waƙa ne a bayan amsa kuwwa?

A ɗaya gefen akwai masu ɗaukar kasada da gaske. Don yin Flying Microtonal Banana na 2017, King Gizzard ta sa an gyara jitocinta domin su fitar da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano, irin waɗanda ake ji a kiɗan Turkiyya. Black Midi ta Landan kuma, a Cavalcade na 2021 da Hellfire na 2022, ta dawo da zafin King Crimson ba tare da ta yi kama da ita ba. Ko wanne iri ne, bai kamata a yanke wa albam hukunci ba sai an ji shi daga farko zuwa ƙarshe, a jere yadda aka tsara shi, aƙalla sau biyu a ranaku daban-daban, domin a ji na farko kunne na fama ne da neman hanya.

Shin sai daga Ingila da Amurka ake samun nagartattu?

Ko a zamanin farko ba haka ba ne. Italiya ta ba da PFM da Banco del Mutuo Soccorso, Jamus ta ba da Can, Birazil ta ba da Os Mutantes, a Faransa kuma Magma ta ƙirƙiri harshenta na kanta ta riƙa waƙa da shi. A yau ma wasu daga cikin ayyukan da suka fi rai daga waje suke zuwa. Altın Gün, wadda aka kafa a Amsterdam, tana sake rera waƙoƙin gargajiyar Turkiyya, har albam ɗinta Gece na 2019 ya shiga takarar Grammy. WITCH ta Zambiya ta dawo da Zango a 2023 bayan shiru na kusan shekara 40. Mdou Moctar na Nijar ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, yana waƙa da harshen Tamashek. Kikagaku Moyo ta Tokyo ta rufe aikinta da Kumoyo Island a 2022. Rashin jin harshen ba ya hana komai, domin a wannan kiɗa murya ɗaya ce daga cikin kayan kiɗa.

Gaskiya ne cewa ba a fahimtar saikadelik sai da ƙwaya?

Ba gaskiya ba ne. Tarihi ya tabbatar da cewa ƙwayar LSD na da hannu a tasowarsa, kuma ya tabbatar da cewa wasu daga cikin fitattun makaɗansa sun ɗanɗana kuɗarsu, cikinsu har da Syd Barrett, wanda ya rabu da Pink Floyd a 1968 lafiyar ƙwaƙwalwarsa na taɓarɓarewa. Abin da kiɗan ke nema daga mai sauraro shi ne natsuwa, da lasifika ko abin kunne mai kyau, da minti 40 da babu mai katse shi.

Idan na sami albam mai kyau, ta yaya zan gabatar da shi ga wani?

A fara da tambayar abin da mutumin yake ji, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai son waƙa mai amshi da taushin murya ya fi kusa da Lonerism na Tame Impala, na 2012, ko Hand. Cannot. Erase. na Steven Wilson, na 2015. Mai son kiɗa mai nauyi a kai shi ga Opeth ko Elder, wanda ya saba da jaz kuma a kai shi ga Black Midi. Miƙa wa sabon shiga Magma tun a ranar farko hanya ce ta korar shi.

Sannan a ba shi albam ɗaya tak. Jerin albam 20 yakan ƙare ba a ji ko guda ba, domin mai karɓa na ganinsa kamar aikin da aka ɗora masa. A faɗa masa tsawonsa, a faɗa masa inda zai iya gajiya, a kuma faɗa masa abin da ke jiransa idan ya daure: cewa mintunan farko hayaniya ne, amma ya jira shigowar ogan. A guji kambama albam da cewa ba a taɓa yin irinsa ba, a faɗi rauninsa ma idan akwai, domin wanda aka gaya wa gaskiya sau ɗaya zai dawo neman shawara ta biyu.

Idan kuma albam ɗin ya karɓe shi, a tuna masa cewa yawancin waɗannan ƙungiyoyi ƙanana ne, da cinikin faifai da tikitin wasa suke rayuwa. Masoyan Marillion ne suka tara kuɗin rangadinta na Amurka a 1997, suka kuma biya kuɗin Anoraknophobia tun kafin a naɗe shi ya fito a 2001. Tun watan Maris na 2020 kuma Bandcamp ke ware wasu ranakun Juma'a da yake yafe kasonsa na ciniki, kuma saye a irin waɗannan ranaku ya fi kai kuɗi hannun makaɗan.