Mene ne "likitan iyali" da ake ta magana a kai a Saudiyya?

Duk wanda ya buɗe manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya don neman ganin likita, ko ya shiga cibiyar lafiya ta unguwa a Makka ko Jidda ko Madina, ya taɓa cin karo da "tabibul usra", wato likitan iyali. Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya har shiri gare ta mai suna "tabibun likulli usra", likita ga kowane iyali. Mutanenmu Hausawa mazauna ƙasar da yawa sun ɗauka sabon suna ne kawai aka laƙaba wa likitan sha-ka-tafi, wanda zai dube ka na minti biyar ya rubuta maka Panadol, in abin ya fi ƙarfinsa ya ba ka tahwil, wato takardar turawa, zuwa babban asibiti. Wasu kuma sun zaci likita ne da masu hali ke ɗauka yana zuwa musu har gida. Ko ɗaya ba haka ba ne.

Likitan iyali likita ne da ya gama karatun likitanci, sannan ya ƙara wasu shekaru yana samun horo na musamman har ya ci jarrabawar ƙwarewa, kamar dai yadda likitan zuciya ko likitan mata ke yi. A Saudiyya hukumar kula da ƙwararrun ma'aikatan lafiya, wadda aka kafa a 1992, ita ke lura da horon da ba da shaida. Inda ya bambanta da sauran ƙwararru shi ne, su kowa ya ɗauki gaɓa ɗaya ko rukunin mutane ɗaya: wannan ido, wancan ƙoda, waccan yara. Shi kuwa abin da ya ɗauka shi ne mutum da gidansa, tun daga rigakafin jariri da awon ciki har zuwa hawan jinin kaka, kuma ba na rana ɗaya ba, na tsawon shekaru. Ya sha bamban da "tabib aam", likitan da ya gama jami'a bai shiga wani fanni ba tukuna, ko da yake a cibiyoyi da yawa kujera ɗaya suke zama, shi ya sa mutane ke haɗa su. A Najeriya ma akwai fannin. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashensa, sai dai a can ba kasafai ake haɗa mutum da likita ɗaya takamaimai ba, duk wanda ka tarar ranar shi ne naka.

To a nan ne sabon tsarin yake. A ɗauka ga wata Hajiya a unguwar Misfala ta Makka mai shekara sittin, tana da ciwon suga da hawan jini, ga ciwon gwiwa. A yadda aka saba, in gwiwar ta dame ta sai ɗanta ya kai ta mustausaf, wato ƙaramin asibiti, mafi kusa, a ba ta maganin kashe raɗaɗi. Bayan wata biyu jiri ya kama ta, a nufi ɗawari'i, wato sashen gaggawa, cikin dare, a ƙara mata ruwa a sallame ta. Maganin suga kuwa wanda aka rubuta mata tun shekaru uku da suka wuce shi ake ta saye a saidaliyya, wato kantin magani. Kowane likita da ta gani ya yi daidai a kan abin da aka kawo masa, amma babu wanda ya tsaya ya haɗa lissafin: cewa irin wancan maganin raɗaɗin, in aka daɗe ana sha, yana taɓa ƙodar mai suga da hawan jini, kuma yana iya ƙara tayar da jinin. Rannan sai a ji ana maganar wankin ƙoda, kowa ya ce abin ya zo ba zato.

In da Hajiya tana da likitan iyali, fayil ɗinta a hannun mutum ɗaya yake, ko a ce tawaga ɗaya, domin a tsarin likitan ba shi kaɗai yake aiki ba, yana tare da nas da mai wayar da kai kan abinci da motsa jiki da mai bibiyar marasa lafiya. Su za su san yaushe ta yi tarakumi na ƙarshe, gwajin nan da ke nuna yadda suga ya kasance cikin kusan wata uku, ba na safiyar ranar kaɗai ba. Su za su tuna cewa shekara ta zagayo ba a duba bayan idonta da fitsarinta da tafin ƙafarta ba. Kafin azumi su za su zauna da ita a gyara lokacin shan magani, a gaya mata alamun da in ta ji dole ta karya. In kuma aka tura ta wurin ƙwararre a asibitin Nur ko na Hira, abin da aka yi mata can zai dawo cikin fayil ɗin, ba zai tsaya a takardar da za ta ɓace a jakar hannu ba. Kamar telan da ya daɗe da riƙe awonka ne: ranar da ka rame, shi zai fara lura tun kafin ka ce komai.

Ba yau Saudiyya ta fara cibiyoyin unguwa ba. Bayan taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi, ƙasar ta haɗe ƙananan ɗakunan shan magani da na kula da mata da yara suka zama markaz sihhi, wato cibiyar lafiya, a shekarun 1980. Yau sun haura 2,000. Sun yi aiki sosai wajen rigakafi da awon ciki, amma mutane sun ci gaba da yi musu kallon wurin karɓar tahwil, mai mura ma gara ya je ya yi layi a ɗawari'i. Ana cikin haka cututtukan da suka fi damun jama'a suka sauya. Suga da ƙiba da ciwon zuciya suka mamaye, Saudiyya ta shiga sahun ƙasashen da ciwon suga ya fi yawa a duniya. Irin waɗannan ba allura ɗaya ke kore su ba, bibiya suke so har ƙarshen rayuwa, kuma babban asibiti ba a gina shi don bibiya ba. Da aka ƙaddamar da Burin 2030, shirin gwamnati na sauya fasalin ƙasar, a 2016, gyaran harkar lafiya na cikin manyan ayyukansa, aka fito da sabon salon kulawa da ke cewa a fara daga hana ciwo da gida da unguwa, asibiti ya zama mataki na ƙarshe.

Akwai wata kalma da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da likitan iyali, wadda ake gani yanzu a allunan cibiyoyi: tajammu'u sihhi, wato rukunin lafiya. An raba ƙasar gida 20, kowane yanki aka ɗaure cibiyoyinsa na unguwa da asibitocinsa ƙanana da manya a ƙarƙashin shugabanci ɗaya. Makka na da nata, Madina da Ɗa'if kowa da nasa, Jidda biyu, Riyadh uku. A 2022 majalisar ministoci ta amince da kafa wani kamfanin gwamnati da zai riƙe waɗannan rukunoni, ita kuma ma'aikatar ta koma mai sa ido da kafa ƙa'ida. Abin da ya fi jan hankalina shi ne maganar kuɗi, wadda ba a cika yin ta ba. Manufar ita ce a riƙa ba kowane rukuni kasafi gwargwadon mutanen da ke ƙarƙashinsa da yadda lafiyarsu ta kasance, ba gwargwadon gadajen da ya cika ba. In aka kai ga haka, shugaban rukuni zai gane cewa kuɗin da ya kashe wa Hajiya a gwajin fitsari na shekara shi ya tsirar da shi daga kuɗin wankin ƙoda sau uku a mako. Daga ranar likitan unguwa ya daina zama ɗan bora.

Kayan aikin zamani kuwa kusan kowa ya taɓa su, musamman tun lokacin korona da aka riƙa neman ranar rigakafi ta Sehhaty. Da ita ake karɓar mau'idi, wato ranar ganin likita, a ga sakamakon gwaji da takardar hutun rashin lafiya, a yi magana da likita ta bidiyo. Lambar 937 tana nan dare da rana don neman shawarar likita. Da tsarin Wasfaty likitan cibiya ke tura takardar magani ta na'ura, saƙo ya shigo waya, a je saidaliyyar kasuwa da ke cikin tsarin a karɓa. A Fabrairun 2022 aka buɗe asibitin Seha na intanet a Riyadh, inda ƙwararru ke duba hoton ƙwaƙwalwa ko na zuciyar majiyyacin da ke kwance a wani ƙaramin asibiti mai nisan ɗaruruwan kilomita. Tun 2018 kuma aka tsananta dokar hana sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba, wanda ya rage wa masu saidaliyya zama likitocin unguwa. Duk waɗannan sun sauƙaƙa zirga-zirga, amma kada a ruɗe: manhaja ba ita ce likitan iyali ba. Wanda ya ɗauki kiranka a 937 yau ba shi zai ɗauka gobe ba, kuma bidiyo ba ya taɓa ciki ya ji inda ke ciwo.

Sai tambayar da ta fi damun mai karatu: shin ni ma ina ciki? Amsar tana ga takardar da ke aljihunka. Hausawan da suke 'yan ƙasa, irin gidajen Hausawi da kakanninsu suka zo aikin Hajji suka zauna, cibiyar unguwarsu tasu ce kyauta, haka ma wasu rukunin baƙi kamar masu aiki da gwamnati. Mai igama, wato takardar izinin zama, da ke aiki a kamfani kuwa hanyarsa daban ce. Dokar inshorar lafiya ta 1999 ta ɗora wa mai kamfani yi masa ta'amin, wato inshorar, shi da iyalinsa, ba a ma sabunta igama sai da shi, kuma katin nan asibitoci da mustausaf masu zaman kansu yake buɗewa, su ma waɗanda ke cikin jerin kamfanin inshorar. A can tsarin har yanzu na biya-a-duba-ka ne, mutum na iya tsallake kowa ya faɗa ɗakin ƙwararre kai tsaye, in kamfani ya sauya inshora a shekara mai zuwa a sauya asibiti, tarihi ya tsinke. Waɗanda ba su da takarda kuma, kowa ya san halin da ake ciki: kuɗi hannu, ko saidaliyya, ko haƙuri. An ga sassauci a Maris na 2020 lokacin da Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta har da waɗanda zamansu ya saɓa ƙa'ida, amma wannan na annoba ne.

Ko ga masu haƙƙin ma, abin bai gama zama ba. Ƙwararrun likitocin iyali ba su wadatu ba, ana ta ƙara guraben horo amma ba a kammala likita a shekara ɗaya. Ana sauya wa ma'aikata wurin aiki, wanda ka saba da shi bana baɗi ka tarar da wani. Ga dattawanmu da wayar zamani ba ta karɓe su ba, ga waɗanda Larabcinsu na kasuwa ne da gaisuwa. Baba zai shiga da jikansa a matsayin tafinta, likita ya tambayi yadda fitsari yake ko wani abu na tsakanin miji da mata, Baba ya ce "lafiya lau, Likita" don kunyar yaron. Tsarin da aka gina kan sanin mutum ba zai yi aiki ba in mutumin bai iya faɗar damuwarsa ba, kuma a ganina wannan ya fi matsalar manhaja girma.

Wani wuri da likitan iyali ke da amfani a gare mu na musamman shi ne sikila. Tun 2004 gwajin jini kafin aure ya zama dole ga 'yan ƙasar, ana duba sikila da talasimiya, wani ciwon jini na gado, daga baya aka ƙara ciwon hanta da ƙanjamau. Amma sakamakon yakan fito ne bayan an sa rana, an kai kaya, dangi sun ji, lokacin da janyewa ke da wuya. Likitan da ya riƙe fayil ɗin gida, ya san uwa AS ce uba ma AS, zai iya sa a gwada yaran tun suna makaranta.

Mai ta'amin ɗin kamfani ma yana da abin yi. Manyan asibitoci masu zaman kansu da mustausaf da yawa suna da ɗakin "ɗibbul usra", wato sashen likitan iyali, sai dai mai karɓar baƙi ba zai tura ka can ba in ba ka nema ba. Ka nema da sunansa, ka riƙe likita ɗaya, ka kai masa duk magungunan da ake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya da aka aiko daga gida da wanda maƙwabciya ta ba Hajiya don ya yi mata aiki. In kamfani ya sauya inshora, kafin katin ya mutu ka karɓi taƙrir, wato rahoto, na tarihin jinya da sakamakon gwaje-gwajen ƙarshe ka kai wa na gaba.