Ba kuɗin da aka kashe ke yanke farashi ba

Ɗalibai da yawa kan shiga ajin farko na tattalin arziki a jami'a da tunanin cewa mai kaya kan lissafa abin da ya kashe, ya ɗora riba, shi ke nan farashi ya fito. Kasuwar tumatir kaɗai ta isa ta rushe wannan.

Manomin rani a Kadawa ya sayi taki, ya biya 'yan ƙwadago. Amma idan kowa ya kwashe amfanin gona lokaci guda, dole ya sayar ko da faɗuwa zai yi, don tumatir ba ya jira. Mai saye ina ruwansa da kuɗin taki? A 2016 kuwa, da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, farashi ya yi tashin gwauron zabi saboda ƙarancin kaya.

Alfred Marshall, masanin tattalin arziki ɗan Ingila, a littafinsa na 1890, ya kwatanta buƙata da wadatar kaya da baki biyu na almakashi: sai sun haɗu suke yanke farashi. Kuɗin noma yana da tasiri, amma a hankali: wanda ya faɗi bana sai ya rage shuka baɗi, kaya su ragu, farashi ya ɗaga.