Waiwaye: Yadda kifin salmon ya ɓace daga Kogin Rhine, da fafutukar dawo da shi

A 1885 masunta sun kama salmon kusan 250,000 a Kogin Rhine na Turai, kuma a shekarar ce Jamus da Holan da Switzerland suka ƙulla yarjejeniyar kare shi. Zuwa shekarun 1950 an neme shi a kogin an rasa.

Wanda bai san rayuwar kifin ba ba zai gane abin da ya kashe shi ba. A ƙarshen shekara macen ke hawa ƙananan rafuka masu sanyi, ta tona rami cikin tsakuwa da jelarta, ta zuba ƙwai ta rufe. Dole ruwa ya riƙa ratsa tsakuwar yana kai wa ƙwan iska. Da zarar laka ta cike tsakanin duwatsun, ƙwan ya shaƙe ke nan. 'Ya'yan kan yi shekara ɗaya zuwa biyu a rafi, su gangara teku, wasu har gaɓar Greenland, sannan bayan shekara ɗaya zuwa uku su komo rafin da aka ƙyanƙyashe su, suna bin ƙanshin ruwansa. Ko'ina aka datse wannan hanya, zuri'ar ta yanke.

An kuwa datse ta ba sau ɗaya ba. Tun 1817 aka fara miƙe kogin saboda ambaliya, wuraren tsakuwa da dama suka tafi. Madatsar lantarki ta Kembs ta tare wa kifin hanyar zuwa birnin Basel na Switzerland a 1932, wasu suka biyo bayanta. Dattin masana'antu ya zuƙe iskar ruwan. A 1970 Holan ta rufe Haringvliet, ɗaya daga cikin wuraren da kogin ke shiga teku, da madatsa mai ƙofofi.

Gobara ce ta farkar da hukumomi. Ranar 1 ga Nuwamba 1986 rumbun kamfanin Sandoz kusa da Basel ya kama da wuta, ruwan kashe gobarar ya kwashi magungunan ƙwari zuwa kogi, kifaye suka mutu a tsawon ɗaruruwan kilomita. A 1987 ƙasashen bakin kogin suka sa wa kansu wa'adin dawo da salmon kafin 2000. Da yake na asalin ya ƙare, sai aka kawo ƙwai daga wasu koguna na Turai, aka sassaki 'ya'ya a rafuka. A 1990 aka ga na farko ya komo yankin Kogin Sieg, wani reshen Rhine a Jamus.

Tsabtace ruwan ya zo da sauƙi idan aka kwatanta da buɗe hanya. An gina wa kifin tsani, wato jerin kududdufai masu hawa-hawa, a madatsar Iffezheim a 2000, a Gambsheim a 2006, daga baya a Strasbourg da Gerstheim. Amma tsani ba ya aiki sai ruwan da ke fita daga bakinsa na da ƙarfin da zai ja hankalin kifin, in ba haka ba ya tsaya gaban injin lantarki har ya gaji. Saukowa ma ta fi haɗari, domin farfelar injin na sare 'ya'yan, kuma kowace madatsa na cin nata kason.

Daga baya an fara ɗan buɗe ƙofofin Haringvliet, amma alƙawarin kai kifin Basel kafin 2020 bai cika ba. Har yanzu ɗaruruwa kawai ake ƙirgawa a shekara, kuma yawancinsu 'ya'yan saki ne. Ga zafi kuma: a bazarar 2018 ruwan Rhine ya haura digiri 27 a wasu wurare, alhali salmon na fara wahala tun daga sama da 20.