Unguwannin bayan gari masu dogaro da abin hawa a Zinder

Unguwar bayan gari mai dogaro da abin hawa ita ce matsugunin da ke nesa da kasuwa, asibiti, makaranta da wurin aiki, har ƙafa ba ta isar mazauninsa ya biya buƙatun yini. An fi sanin irinta a Amurka, inda bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gina rukunin gidaje kamar Levittown a 1947, dokar tsara gari kuma ta raba gidajen kwana da shaguna. A Zinder ba doka ce ta kawo nisan ba. Gari ne ya rigayi kwalta, famfo da lantarki isa wurin, kuma abin hawan da ake dogaro da shi babur ne fiye da mota.

Asali

Tsohon garin, wato Birni inda fadar Sarkin Damagaram take da Zango na fatake, an gina shi ne don mai tafiya a ƙasa da mai jaki. Zinder ta riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926. Daga baya jama'a ta ƙaru, jami'a ta buɗe, matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, ana ta yanka gonaki zuwa filaye a bakin hanyoyin Tanut, Mirriya, Magarya da Yamai. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya sayi fili da arha, ya zagaye shi da katanga, ya gina ɗaki biyu ya tare, maƙwabtansa kuwa kangwaye ne da gonakin gero.

Hanya da babur

A nan ba a auna nisa daga tsakiyar gari, daga bakin kwalta ake aunawa. Kilomita ɗaya na rairayi ya fi na kwalta cin mai da gajiyar da inji. Gwanaye sukan shiga rairayi da giya ta biyu, su riƙe totur daidai ba tare da fizga ba, su bar birkin gaba, domin shi ke nutsar da taya ya kayar da mutum. Rage iskar taya kaɗan yana taimakawa, amma in aka hau kwalta a haka tayar takan yi zafi ta cinye da wuri.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba, musamman lokacin hunturu. Tana toshe matatar iska, sai babur ya riƙa shan mai da yawa yana shaƙewa, fulogi ya yi baƙi. Inda ta fi ɓarna shi ne a sarka: yashi ya haɗu da man da aka shafa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙoran farantin da sarkar ke juyawa a kai. Shi ya sa ake wanke sarkar da kananzir kafin a sa mata sabon mai, kuma in za a sauya, a sauya ta tare da farantanta biyu, don tsohon faranti kan lalata sabuwar sarka. Juyen mai, wanda bai wuce kimanin lita ɗaya ba a ƙaramin babur, makanikai kan ce a yi shi kafin wa'adin da kamfani ya rubuta. Ƙayar aduwa kuma tana nan tana jiran taya, ga mai faci sai an tura har bakin titi.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, rairayin kan daskare ya yi daɗin bi, sai dai kwari ya cika da ruwa. Ƙaramar mota da ta kutsa ruwan da ya kai bakin shaƙar iskarta tana iya kashe inji gaba ɗaya.

Lissafin kuɗi

A Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. A ɗauki gidan da ke kilomita 8 daga kasuwar Dole: kai yara makaranta, zuwa aiki, dawowa cin abincin rana, komawa da dawowar yamma sun kai kilomita 32 a yini. Babur mai shan lita 2 da rabi a kilomita 100 zai ci kusan lita 24 a wata, wato kimanin jaka 12 ta sefa a wancan farashi. Mota mai shan lita 8 za ta ci ninki uku da ɗoriya. Ba a sa gyara a ciki ba. Man ƴan ruwa-ruwa na kwalba, wanda a da ake shigowa da shi daga Najeriya da rahusa, ya daina arha tun da aka cire tallafin mai a can a 2023, kuma dattin da ke cikinsa kan toshe kafireto.

Ruwa da zaman gida

Zinder na zaune a kan dutse, ruwanta daga wajen gari ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Machaya da na Arunguza. Gidan da ke ƙarshen bututu shi ne na ƙarshen samu, wani ma bututun bai iso shi ba. Ƴan ga-ruwa kan ƙara kuɗi gwargwadon rairayin da za su tura kura a ciki, don haka jarka biyu masu lita 25 a bayan babur, nauyin kilo 50 ke nan, sun zama kayan yau da kullum. Su ne ke karya wayoyin ƙafar baya.

In maigida ya fita da babur ɗaya tilo, gida ya zauna. Uwargida mai son zuwa awo ko barka sai ta taka zuwa kwalta ta tari adaidaita, ko ta kira ɗan kabu-kabun da ta saba da shi, wanda zai sa kuɗin dawowarsa ba fasinja a cikin farashi. Tsofaffin da suka saba da zaman dandali a Birni sukan ƙi tarewa sam. Da dare kuwa, in naƙuda ta tashi ko kunama ta harbi yaro, ƙofar maƙwabci mai mota ake bugawa, abin da ya sa sabon tarewa kan karɓi lambar wayarsa tun ranar da ya zo gaisuwa.