Rim ɗin alminiyom na keken tsere: wace taya ce za ta hau, wacce ce ba za ta hau ba?

Na sayi taya mai inci 28, keken ma an ce mini inci 28 ne, amma ta ƙi zama. Me ya faru?

An sayar maka da suna ne, ba awo ba. Akwai rim iri biyu da duk ake kira inci 28, kuma girmansu ba ɗaya ba ne. Tsohon keken nan na ƙarfe mai birkin sanda, irin su Raleigh da Phoenix, tayarsa 28 x 1½ ce, kuma faɗin da'irar rim ɗinsa daga mazaunin taya zuwa mazaunin taya milimita 635 ne. Keken tsere na zamani kuwa, wanda ake rubuta wa 700C, nasa 622 ne, amma a Jamus da wasu ƙasashen Turai shi ma inci 28 suke ce masa. To ka ga akwai milimita 13 a tsakani. Tayar 635 za ta yi wa rim 622 yawa, ana busa iska ta kuɓuce. Tayar 622 kuwa ko da ƙarfe aka yi ta banƙara ba za ta hau 635 ba, sai dai a tsinka wayar bakinta.

Akwai na uku da ke yawan rikita masu sayen keken gwanjo: tsofaffin kekunan tsere na Ingila da Amurka da Japan masu inci 27. Nasu 630 ne, wato mai inci 27 ya fi wani mai inci 28 girma. Saboda irin wannan ruɗanin ne ƙungiyar masu ƙera taya da rim ta Turai, ETRTO, mai mazauni a Brussels, ta tsayar da lamba ɗaya da ba ta ƙarya, aka kuma shigar da ita cikin ƙa'idar ISO 5775. Ka duba gefen tayarka, za ka ga wani abu kamar 25-622 ko 28-622. Lambar farko kaurin taya ce, ta biyu ita ce ta rim, duka a milimita. Wannan ta biyun ba a ciniki a kanta. Ko ta yi daidai, ko a mayar wa mai shago kayansa.

In dai lambar 622 ta yi daidai, kowace taya za ta yi ke nan?

A'a, saura faɗin cikin rim, wato tazarar da ke tsakanin leɓɓansa biyu ta ciki. A jikin takardar da ke manne da rim za ka iya ganin 622x15C ko 622x19C. Wannan 15 ko 19 ɗin shi ne faɗin cikin, harafin C kuma yana nufin leɓen yana da ƙugiya. In takardar ta goge, cire taya ka auna da kanka. Kada ka auna ta waje, don kaurin bango zai ruɗe ka.

Ƙa'idar da masu gyara suka daɗe suna aiki da ita ita ce kaurin taya ya kai kusan ninki ɗaya da rabi na faɗin cikin, zuwa ninki biyu ko ɗan fiye. Rim mai 15, irin shahararren Open Pro na kamfanin Mavic, zai ɗauki taya 23 ko 25 ko 28 cikin kwanciyar hankali. Mai 19 ya fi son 28 zuwa sama, kodayake 25 ma tana zama. Idan taya ta yi wa rim kauri fiye da kima, sai ta yi tumbi a sama gindinta a tsuke, kana shiga kwana ka ji tana lanƙwasa a ƙarƙashinka. Idan kuma ta yi masa siranta, gefenta zai baje, leɓen rim ya rage ba kariya, rami kaɗan sai ya datse tiyub ya bar masa huji biyu a jere.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: kaurin da aka rubuta a jikin taya ba lallai ne shi za ka samu ba bayan an busa. Tayar 25 a kan rim mai faɗin 19 ko 21 takan buɗe ta kai 27, wani lokaci 28. Wannan yana da daɗi a hanya mai gargada, amma tsofaffin firam na tsere an yi su ne don siririyar taya. Ka tabbata akwai sarari kamar milimita 4 tsakanin taya da firam da kuma ƙarƙashin birki. In babu, ɗan tsakuwa ko laka na maƙalewa za su fara cin fenti, daga nan su ci ƙarfe.

Mene ne amfanin wannan ƙugiyar?

Ita ke riƙe bakin taya idan iska ta yi ƙarfi. A da, 'yan tsere ba sa amfani da taya mai tiyub daban. Tasu ɗinkakkiya ce da tiyub a ciki, ana manna ta a rim da gam. A 1975 ne Mavic ya fitar da rim mai suna Module E, mai ƙugiya, Michelin kuma ya fitar da tayar Elan da ta dace da shi, daga nan siririyar taya mai cin iska da yawa ta samu wurin zama ba tare da gam ba.

Yanzu kuma an dawo da rim marar ƙugiya, galibi a na kabon, wato zaren carbon da ake daskararwa da gam, don ya fi sauƙin ƙerawa. Shi wannan yana da sharuɗɗa masu tsauri: sai tayar tubles, wato marar tiyub, da aka amince da ita, kuma iska kada ta wuce bar 5 a ma'aunin ƙarfin iska, wato kimanin psi 72. Mai rim ɗin alminiyom na keken tsere bai cika shiga wannan damuwar ba, domin kusan dukansu da ƙugiyarsu suke zuwa. Dalilin yana cikin yadda ake yin su: ana tura alminiyom mai zafi ta cikin wani mazubi ya fito dogon sanda da siffarsa gaba ɗaya, har da ƙugiyar, sannan a naɗe shi da'ira, a yanka, a haɗa bakin biyu da fil ko da walda.

To me ya sa har yanzu ake sayen alminiyom, alhali manyan 'yan tsere sun koma kabon?

Kuɗi ne na farko. Na biyu birki: roba ta fi kama alminiyom, musamman cikin ruwan sama, kuma yana saurin zubar da zafi a doguwar gangara. Na uku, idan ya daki rami yakan loɓa ne, abin da ido ke gani, ba ya ɓoye tsagewa a ciki. A ganina, ga wanda ke hawa titin da ba a rasa rami, wannan kaɗai ya isa hujja. Shi ma alminiyom ɗin da baƙo ne: a 1934 Antonin Magne ya ci gasar Tour de France a kan rim ɗin Mavic na alminiyom da aka yi wa fenti kamar katako, don a lokacin da na katako ake tsere.

Zan iya mayar da rim ɗina tubles?

Sai in an rubuta cewa an yi shi don haka. Irin wannan rim yana da kwari a tsakiya da 'yar kafaɗa a kowane gefe inda bakin taya ke hawa ya kulle. Masu keken hawan dutse sukan yi dabara da tef su tsira, saboda iskarsu kaɗan ce. Tayar tsere tana ɗaukar iska bar 5 zuwa 7, kusan ninki uku na tayar ƙaramar mota. In ta fita a guje, babu gargaɗi.

Tiyub yana yawan fashewa ta ciki, ɓangaren rim. Laifin wa?

Kusan kullum laifin tef ne. Rim ɗin tsere bango biyu gare shi, kuma na saman yana da ramuka da ake zura kan sifok ta ciki. Iska mai ƙarfi tana danna tiyub cikin waɗannan ramuka, bakinsu kuma kaifi ne da shi. Yankin tsohon tiyub da mai faci ke ɗaurawa ya wadatar a keken ƙarfe, amma a nan miƙewa yake yi ya nutse. Ana buƙatar tef mai tauri na ƙyalle ko na roba marar miƙewa, wanda faɗinsa ya rufe gadon rim daga gefe zuwa gefe.

Tun da ana maganar mai faci: ramin bawul na rim ɗin tsere ƙarami ne, kimanin milimita 6 da rabi, don siririn bawul mai suna Presta. Bawul irin na mota yana son kusan 8 da rabi. Wasu sukan sa injin huji su faɗaɗa ramin don a riƙa shan iska a ko'ina. A siririn rim mai faɗin 13 ko 15 wannan raunana shi ne. Akwai ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla da ake murɗawa a kan Presta ya karɓi bakin famfon mota, kuma ya fi sabon rim arha nesa ba kusa ba.

Yaya zan gane rim ya gama aiki?

Idan birkinka mai kama rim ne, duk matsawar da ka yi kana kankare bangonsa ne kaɗan-kaɗan, yashi da lakar damina kuma suna ƙara wa abin sauri. Wasu rim suna da ɗan tsagi ko ɗigon rami a inda roba ke kamawa. Ranar da ya shafe, lokaci ya yi. In babu alamar, ɗora rula a tsaye a jikin bangon. Ka ga haske na wucewa ta tsakiya, bangon ya yi kwari ke nan. Kaurinsa in ya sauka ƙasa da milimita 1, iskar taya na iya ɓalle leɓen gaba ɗaya. Ka kuma goge ƙura ka duba kewayen ramukan sifok, musamman a ƙafar baya ɓangaren giya, inda ɗaurin ya fi tsanani. Tsagewa ko da siririya ce kamar gashi ba ta gyaruwa, walda ma lalata ƙarfin alminiyom ɗin take yi. Loɓawa 'yar kaɗan a leɓe ana iya miƙe ta a hankali da sifana, sau ɗaya. Kafin a mayar da taya, a ciro robar birki a duba ko ɓarɓashin ƙarfe ya nutse a cikinta, a tsince shi da tsinin wuƙa.